Stoyko Mai Gam da Bangon Gidan Burodi

Shekara arba'in da ɗaya Stoyko Pehlivanov ya yi yana liƙa takardun talla a bangayen birnin Plovdiv. Ya liƙa wa jam'iyya mai mulki, da ta faɗi ya liƙa wa waɗanda suka kayar da ita. Gajere ne, mai kaurin wuya, kullum da tsani a kafaɗa da bokitin gam da yake damawa da fulawa. Abin alfaharinsa ɗaya ne: bai taɓa karanta takardar da ya rufe ba. Ba na son mutumin nan, kuma ga dalili.

Ɗana Kalin ya rasu a hatsarin mota ranar uku ga Oktoba, yana da shekara ashirin da tara. Yana dawowa ne daga Sofiya, inda ya busa harmonika, ƙaramin abin busan nan na baki, a sabon faifan Radoslav Gerchev, makaɗin jitar nan da ya bar ƙungiyarsa ta rok bayan shekara ashirin, ya ce shi yanzu kiɗan bulus zai yi shi kaɗai. Waƙa tara ce a faifan, Kalin ya busa a shida.

Na buga takardar rasuwarsa da hotonsa, na liƙa a ƙofarmu da ƙofar coci da bangon gidan burodi, inda duk unguwa ke bi. Buƙatata ita ce ta kai kwana arba'in a wurin, kamar ta kowa.

Rana ta goma sha biyu na fita sayen burodi, sai na ga fuskar Gerchev a takardar tallar faifansa da wasansa, mita biyu a tsaye, ya runtse ido ya rungume jita. Kalin yana ƙarƙashinta, an rufe shi. Na karanta tallar har ƙasa, babu sunan mai harmonika. Stoyko na gefe yana wanke burushi.

"Ka rufe mini ɗa," na ce.

"Malama, bango na rufe. An ce bango, na yi bango."

"Akwai takardar rasuwa a nan."

"Akwai ta rasuwa a ko'ina. In zan kauce wa duk mamacin garin nan, sai dai in liƙa a goshina."

"Da ya fi amfani a can."

Ya yi dariya. "Har yanzu bakin nan na aji bai mutu ba. Ke kika kayar da 'yata a kimiyya, na tuna ki."

Gaskiya ne, na kayar da ita. Ba ta yi karatu ba.

Na koma gida na ɗebo ruwan ɗumi da soso. Gam na fulawa ba ya jure ruwan ɗumi fiye da minti huɗu. Na ɓare tallar, na liƙa sabuwar takarda. Bayan kwana biyu ya sake rufewa. Na sake ɓarewa. Sau bakwai muka yi haka. Mai gidan burodi ta daina gaishe mu duka biyun.

A karo na biyar ya same ni da soso a hannu.

"Malama, ki kai shi jikin bishiya mana. Matattu ba sa sayen tikiti."

"Shi ne ya busa a faifan da kake tallatawa."

"Wa?"

"Karanta."

"Ba na karantawa," ya ce, ya saɓa tsaninsa. Amma na ga ya waiga sau ɗaya.

Ranar arba'in na dafa alkama da suga da gyaɗar walnut, firist ya yi addu'a a kabari, na fito rabon alkamar sadaka a titi. Na nufi bangon da soso a jaka.

Tallar tana nan, sabuwa, gam bai bushe ba. Amma an yanke mata taga da reza, daidai kan jitar Gerchev, kuma ta cikin tagar ana ganin fuskar Kalin da sunansa da shekarunsa. Yankan ya karkace ta hagu, kusan santimita ɗaya.

Stoyko na zaune a kan bokitinsa yana shan taba.

"Kar ki ɗauka tausayi ne," ya ce. "Na gaji da ɓarnar fulawa."

"Ban ɗauka ba."

Na ɗebi alkama a ƙaramin kofi na miƙa masa. Ya san ƙa'ida: wanda ya karɓa sai ya yi wa mamaci addu'a. Ya daɗe yana kallon kofin, sannan ya goge hannu a wando ya karɓa.

"Allah ya gafarta masa."

"Wa?" na ce.

Ya ɗaga kai ya dubi bangon. Leɓunansa suka motsa a hankali, harafi bayan harafi, kamar na ɗan aji ɗaya.

"Kalin," ya ce. "Allah ya gafarta wa Kalin."

Ban gode masa ba. Na gaya masa yankan ya karkace. Ya ce in kawo rezata gobe in nuna masa, tunda na fi kowa sani. Har yau in mun haɗu a titi ba ma gaisawa. Takardar ta kai bazara a bangon, har ruwan sama ya wanke ta.