Ƙarfen da Na Cire Daga Motar Baba

Edita, ina roƙon fili a mujallarku in faɗi wani abu da ya daɗe yana cin raina. A lokacin da abin ya faru ni matashin ɗan kasuwa ne daga Kano, ina zuwa Guangzhou sarin kayan sawa sau uku a shekara, kuma kaina ya kumbura ƙwarai. Na saba in shiga kasuwar Baima da riga guda a hannu a matsayin samfur, bayan kwana goma a cika min kwali da irinta sak. Wannan ya sa na yarda a zuciyata cewa babu abin da ɗan Adam ya ƙera wanda ba za a kwaikwaya min a China ba, kuma duk wanda ya yi min gardama ina yi masa kallon baƙauye.

Mahaifina tsohon direba ne. Yana da wata tsohuwar gingimari mai bodin katako da dogon hanci, wadda da ita ya yi jigilar goro da gyaɗa ya ciyar da mu. Ta daina hawa titi tun ina sakandare, amma tana nan a filin bayan gidanmu, kuma kowace Juma'a da hantsi Baba yakan hau ya tayar da ita, ya zauna yana sauraron ƙarar injin har a yi kiran sallah. Kamfanin da ya ƙera ta ya daina yin kayanta tuntuni. Matsalarta guda ce, wani ƙarfe mai haƙora da ke juya famfon mai ya cinye, don haka takan yi tari ta mutu sai an sake tayarwa. Na ci alwashin zan gyara ta gaba ɗaya, in sake mata katako da fenti, Baba ya zagaya unguwa da ita. Baba ya ce in kai ƙarfen wajen wani dattijo mai injin sassaƙa ƙarfe a Ƙofar Ruwa. Na yi dariya, na ce masa zamani ya wuce nan. Na sa bakanike ya cire ƙarfen, na naɗe shi a tsumma na jefa cikin jaka, na yi masa alkawarin mako uku. Ranar da na cire shi motar ta yi shiru.

A Guangzhou na zaga kasuwannin kayan mota har ƙafata ta yi kanta. Duk wanda na nuna wa sai ya juya shi a hannu ya ce min meyo, wato babu. Daga baya wani abokina ɗan Maraɗi mai ofis a ginin Tianxiu ya haɗa ni da wata ƙaramar masana'anta a wajen gari. Mai wurin ya ce zai yi, amma ba ya kunna inji don ƙarfe guda, sai ɗari biyu. Girman kai ya sa na amince. Ya tambaye ni zanen awo, na ce ba ni da shi, ga samfur nan, a yi min irinsa sak kada a canza komai. Abin da nake faɗa wa teloli ke nan, ban tsaya na yi tunanin cewa samfurin nan cinyayye ba ne.

Sun kuwa cika umarnina. Na ba wani ɗan kasuwa mai komawa Kano ƙarfe guda daga ciki, bakanike ya ɗaura, ya kira ni yana faɗa. Haƙoran a cinye suke kamar na tsohon ƙarfen, sun ma fi shi sulɓi, motar ko tari ba ta yi ba. Na koma masana'anta a fusace na ce a ba ni samfurina, sai aka miƙo min shi gida biyu. Sun yanka shi don su gane irin ƙarfen. Na tsaya riƙe da gutsure biyu a hannu, na san motar da na samu tana numfashi ni na kashe ta.

Nan ne na yi kuskure na biyu. Bizata saura kwana huɗu, mai masana'anta ya ce in ba shi mako guda ya sake gwadawa. Kunyar komawa gaban Baba hannu wofi ta sa na zauna. Mako ya zama wata, sabon da aka yi bai zauna a mazauninsa ba, ni kuma na zama mara takarda. Otal ba ya karɓata, jirgin ƙasa ba ya shiguwa. Na maƙale a wani ɗan ɗaki a wani lungu na unguwar Xiaobei wanda tagarsa ke kallon bango, kwalayen ƙarafan nan a jibge a gefen katifata. Ko takun mutum na ji a matakala sai in ɗauka 'yan sanda ne. Masallacin Juma'a ma na daina zuwa. Duk Juma'a Baba yakan kira ya tambaye ni ƙarfe, ni kuma in ce masa an kusa. Wata takwas ina wannan ƙarya. A hankali kiran ya ragu, na ma ji sauƙi, Allah Ya yafe min, ban tambayi dalili ba.

Yayata ce ta kira ta gaya min gaskiya, cewa Baba ya fara ruɗewa, yana manta sunayen jikokinsa, amma duk Juma'a sai ya hau motar ya murɗa makulli ya zauna shiru. Washegari na kai kaina wurin hukuma. Aka tsare ni, na biya tara, aka sa ni a jirgi tare da hana ni dawowa na wasu shekaru. Da na isa Kano na ɗauki gutsuren nan biyu na nufi Ƙofar Ruwa. Dattijon bai ko kalli tsohon ƙarfen sosai ba, ya ce a kai shi wurin motar, ya auna abokin ƙarfen da ke cikin injin, ya ƙirga haƙora. Kwana biyar ya gama.

Ranar Juma'a muka fito da Baba a kujera, na hau na murɗa makulli, motar ta tashi lafiya lau babu tari. Na sauko ina hawaye ina kallon fuskarsa. Ya yamutsa fuska ya tambaya motar wa ce take damun mutane haka, ya ce a gaya wa mai ita ya matsar da ita. Sannan ya dube ni da ladabi irin na baƙo, ya ce idan ina zuwa China in taimaka in gaya wa ɗansa ya dawo masa da ƙarfensa.

Abin da na koya shi ne, ba kowane abu ake ɗauka samfur ba, kuma maganar tsoho a kan sana'arsa ba abin dariya ba ce. Ina gargaɗin 'yan'uwana masu zuwa sari, kada kunya ta zaunar da ku a ƙasar mutane bayan takardarku ta ƙare. Ku koma gida ku faɗi gaskiya tun iyayenku suna gane fuskarku. Ni har yau ina tayar da motar duk Juma'a, Baba yana ɗaki yana jiran ɗansa.