Sunan da Ya Buɗe Wai-fai Ɗin Inna

Akwai abubuwan da mutum ke rantsuwa ba zai manta ba, amma bayan 'yan shekaru in ka tambaye shi sai ya kama lalube. Wannan ba ya cikinsu. Ranar da na je haɗa wa mahaifiyata lasifikar nan mai amsa magana da wai-fai ɗin gidanmu na Karaye, ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, na san ita za ta rage.

Ni ce auta a gidanmu. Ina koyarwa a wata firamare a Falgore, can ƙasar Rogo, inda nake aure. Inna kuwa tun rasuwar Baba tana nan a gidanmu na unguwar Yola, cikin Karaye. Ba ita kaɗai ba ce a gidan, akwai matar ƙanin Baba a ɗaya sashen, sai dai ita ma ta manyanta, kunnenta ya yi nauyi. Inna idonta ya fara yana, hannunta kuma yana rawa, shi ya sa waya ta zame mata wahala. In ta yi ƙara, kafin ta lalubo ta ta katse, in kuma ta lalubo ta sai ta danna wajen kashewa.

Wata rana babban yayanmu da ke aiki a Kano ya yini yana kira ba a ɗauka ba. Hankalinsa ya tashi, ya baro ofis ya kamo hanya yana ta salati. Da ya iso sai ya tarar da ita a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa lafiya lau, wayar na ƙarƙashin filo. Mu muka yi dariya, shi bai yi ba. A ranar ya yanke hukunci: Asabar mai zuwa zai zo da mota ya ɗauke ta ta koma gidansa. Yayana mutumin kirki ne, amma in ya kafe a kan abu ko gezau ba ya yi.

Inna ba ta yi masa musu ba, don dama ba ta doguwar magana da shi, ko sunansa ba ta kamawa, "wancan na Kano" take cewa. Ni ta samu ta faɗa wa. Ta ce, "Auta, a can saman bene wa zai shigo mini da sallama? Nan aka kawo ni ina yarinya, nan nake so a fitar da ni." Maganar nan ta hana ni sukuni. Na taɓa ganin irin lasifikar a gidan wata ƙawata, wadda in 'ya'yanta suka kira daga wayarsu sai ta yi 'yar ƙara ta buɗe da kanta, a yi hira ba tare da an taɓa komai ba. Na matsa wa mijina har ya samo mini ita a Kano. Lissafina shi ne in yayana ya zo ya tarar ana samun Inna kowane lokaci, ba shi da sauran hujja.

Ran Asabar ɗin da safe na hau babur zuwa Rogo, daga nan na shiga motar Karaye, kwalin lasifikar a cinyata na rungume shi kamar jariri. Bayan mun gaisa na fito da ita na ɗora a tafin hannun Inna. Ta shafa ta sama da ƙasa, ta ce ai wannan bai fi gwangwanin madara ba. Na yi mata bayani. Ta saurara har na gama, sannan ta yi tambaya ɗaya: "To tana yin sallama kafin ta shigo wa mutum ɗaki?" Na ce za ta yi ƙara tukuna, mu kuma mu yi sallamar. Ta ce to, in haka ne babu laifi.

Dama akwai na'urar wai-fai a gidan, yayana ne ya saka ta tun da daɗewa saboda aikinsa in ya zo hutu, yana kuma zuba mata data ko ba ya nan. Tana kan taga a ɗakin Baba, an jona ta da batirin sola. Ni ban taɓa damuwa da ita ba, datar wayata nake amfani da ita. Na jona lasifikar a ɗakin Inna, fitilar samanta ta kama da launin ruwan goro tana zagayawa. Na buɗe manhajarta a wayata, wayar ta gano ta, amma da aka zo jerin wai-fai sai na ga namu ba ya ciki. Katangar gidanmu ta ƙasa ce, mai kauri, sabis ba ya ratsa ta. Na kwance na'urar na ja waya na mai da ita tagar da ke kallon tsakar gida, nan take sunanta ya fito. Har na fara jin kaina wata injiniya, sai manhajar ta ce in saka kalmar sirri.

Na juya na'urar don in duba takardar da ke manne a gindinta, sai na ga zafin rana ya cinye rubutun. Na kira mijina, ya ce kar in kuskura in soka tsinke a ramin nan na goge komai, don in ta koma yadda aka sayo ta, kalmar da za ta nema ita ce wadda ta goge a takardar. Na gwada lasifikar da sabis ɗin wayata, ta yi aiki tsaf, amma ai wayata ba a Karaye za ta kwana ba. Babu yadda na iya, dole na kira wanda nake ɓoye wa shirin.

Bayan gaisuwa na ce, "Yaya, mece ce kalmar sirrin wai-fai ɗin nan na gida?"

Ya ce, "Me za ki yi da ita?"

Na gaya masa gaskiya. Ya ja numfashi ya ce, "Ke dai Auta ba kya jin magana. Na riga na gyara mata ɗaki, bayan la'asar ina nan tafe."

Na ce, "Na ji, ni dai ka ba ni."

Can ya ce, "Sunan yayanmu ne, sau biyu a jere, da ƙananan haruffa."

"Wane yayanmu kuma? Ba kai ne babba ba?"

"Akwai wanda ya riga ni. Bai daɗe a duniya ba. Baba ne ya gaya mini sunansa yana kwance a asibiti, ni kuma na saka shi a nan don kar ya ɓace mini. Ba zan faɗa miki ba, maganar ba tawa ba ce. In Inna ta ga dama ta gaya miki."

Na girma, na yi aure, na haihu, ban san Inna ta taɓa binne ɗa ba. Daga baya kuma raina ya ɓaci, don na san yayana ya san abin da yake yi. Uwar da ba ta iya kama sunan na biyu ba saboda kunya, ita ce za ta buɗe baki ta kira sunan ɗan fari? Har yau in muka tuna ina ce masa tarko ya ɗana mini, shi kuma yana rantsuwa wai rabi tarko ne, rabi amana.

Na fara canke. Na saka sunan kakanninmu, na kawunnanmu, na duk wani namiji da na sani a dangi. Kowane na saka sai fitilar ta yi ta juyi, sannan wata murya ta mace ta ce mini da Turanci ba ta iya haɗuwa ba, cikin ladabi mai ban haushi. Na tsallaka wajen matar ƙanin Baba na yi ta ɗaga murya, ta ce ita da aka kawo ta gidan yayana ma yana gudunsa, ba ta taɓa jin zancen ba.

Da na dawo Inna ta ce, "Me wancan na Kano ya ce miki a wayar?" Na durƙusa kusa da ita na faɗa mata, ina magana ina kallon ƙasa. Hannunta ya tsaya cak a cikin ƙwaryar gyaɗar da take ɓara. Sannan ta ce, "Jawo mini akwatina daga ƙarƙashin gado, ki fara ninke zannuwan."

Ni mai saurin fushi ce, ba na ɓoyewa. Na ce, "Haba Inna! Saboda suna ɗaya za ki bar gidanki? Ni da ke ne fa kawai a nan, wa zai ji?"

Ta ce, "Ke yarinya ce."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Na jawo akwatin ina haɗa kaya ina hawaye, rabi na tausayi rabi na takaici. Ita kuwa ta kama ba ni sallahu kamar mai barin wasiyya: awakinta a kai wa wance, tukunyar ƙasar nan kar a bari ta fashe, a riƙa zuba wa bishiyar lemon tsakar gida ruwa. Kowace magana ta faɗa sai in ji kamar an tsikare ni. A lokacin gani nake taurin kai ne irin na tsofaffi. Yanzu da nawa 'ya'yan suka tasa na gane cewa sunan nan shi kaɗai ya rage mata na yaron, kuma ta yi shekaru masu yawa tana riƙe da shi ita kaɗai.

Aka kira azahar. Na kai mata buta, muka yi salla. Na idar na koma bakin gado na zauna, wayar a hannuna, na riga na sallama. Inna tana kan sallaya ta ba ni baya, tana jan carbi. Ba ta juyo ba ta ce, "Auta."

Na ce, "Na'am, Inna."

Ta ce, "Ke da kike koyar da yara, cikin annabawa wane ne kifi ya haɗiye?"

Na buɗe baki zan amsa kamar 'yar aji, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Kar ki faɗa. Rubuta."

Sai a lokacin na gane. Na rubuta sunan sau biyu a jere, na danna. Fitilar ta juya, ta juya, ni kuwa na zuba mata ido. Sai ta koma shuɗiya, ta yi wata 'yar ƙara mai daɗi, muryar nan ta ce an haɗu. Na yi wata ajiyar zuciya da ban taɓa yin irinta ba, sai kuka ya ƙwace mini.

Inna ta ce, "Ta karɓa?"

Na ce, "Ta karɓa, Inna."

Ta ce, "A gidan iyayena na haife shi, can aka raɗa masa suna, can aka binne shi ina cikin jego. Allah Ya sa mai ceto ne." Ta shafa addu'a ta ce in mai da zannuwan inda na ɗauko su. Daga ranar ba ta sake tayar da zancen ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Sauran aikin bai ba ni wuya ba. Na saka lambata da ta yayana cikin waɗanda za su iya shigowa kai tsaye. Lasifikar ba ta jin Hausa, don haka na koya wa Inna 'yan kalmomin Turancin da za ta faɗa in ita ce ke neman mu. Ni na saka kaina a matsayin Auta, shi kuwa na saka shi Kano, tun da na san ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ta kira sunansa ba. Ta yi ta maimaitawa tana dariya, tana cewa wai da tsufanta an sa ta a boko.

Bayan la'asar yayana ya iso, har da filo a kujerar baya saboda Inna. Na tare shi a zaure, na karɓi wayarsa na saka masa manhajar, na ce ya kira daga nan. Ya kalle ni sheƙeƙe, amma ya kira. Muna tsaye muka jiyo 'yar ƙarar daga ɗaki. Ya ce, "Salamu alaikum, Inna." Sai ga muryarta ta fito tar a wayar: "Wa alaikumus salam. An zo lafiya? Ya hanya?" Bai gamsu ba, ya fita har bakin titi ya sake kira, ta sake amsawa. Da ya dawo fuskarsa ta canza. Ya rage murya ya ce, "Ta gaya miki?" Na ce, "Ba ta faɗa ba, amma na sani." Ya zauna a dakalin zaure, ya cire hularsa ya riƙe. Shi ya fi kowa sanin abin da Inna ta bayar don ta zauna a ɗakinta. Daga ƙarshe ya ce, "To, a bar ta mu gani zuwa bayan damina." Ya koma Kano da ƙullin kuka da daddawa a kujerar baya.

Damina ta wuce, wasu ma sun wuce, Inna tana nan a ɗakinta. Kullum kafin in tafi makaranta nakan yi mata sallama daga Falgore, ta amsa mini tana daga zaune.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, in babba ya yi shiru a kan wani abu, ba wai babu komai a wurin ba ne, kuma ba a tilasta masa buɗe baki da tsawa. Ka zauna kusa da shi ka jira, in ya ga dama zai samo hanyar da zai ba ka ba tare da ya karya abin da yake kiyayewa ba. Yanzu in na je gida da yarana suka ce in ba su kalmar sirrin wai-fai, sai in ce su miƙo wayar in saka musu da kaina. Ni ma har yau ban taɓa furta sunan a gidan ba.