Bu Hasmia, wadda ta hana mijinta tashi da jirgi

Ranar Juma'a Bu Hasmia, wato Malama Hasmia, ma'aikaciyar jinyarmu, za ta ajiye aiki, kuma matuƙan jirgin saman ƙaramin kamfanin nan namu na Makassar a Indonesiya sun rasa ko murna za su yi ko kuka.

Kullum da safe takan riga kowa isowa, ta jona 'yar na'urarta, ta zauna tana jiran masu kaki. Aikin ba wuya a ido: fitila ta kama, matuƙi ya danna maɓalli. In hannunsa ya yi nauyi, to gajiya ta ci shi, ba shi ba sama ranar. Ba dabarar da ba a yi mata ba. Wani ya ɗirki kofi kamar ruwa, wani ya shafa man zafi a ƙasan ido ya shigo yana hawaye. Sai ta dube shi ta ce, "Sannu da kuka, Malam. Danna."

Amma abin da ya sa sunanta ya zaga tsibirai shi ne ranar da layi ya zo kan Kyaftin Patahuddin, mijinta. Jirginsa cike da 'yan biki, ango na ciki, amarya na jira a wani tsibiri. Shi kuma bai taɓa faɗuwa gwajin ba, kullum da wannan yake cika baki.

"Ka yi barci sosai, Kyaftin?" in ji ta, kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

"Kamar gawa."

"To gawar wa na ji tana ihun an ci ƙwallo a falona da tsakar dare?"

Sauran matuƙa suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Ya rage murya ya ce, "Haba uwar yara, a gaban mutane?"

"Uwar yara tana gida, Daeng," in ji ta, da lakabin girmamawa na garinmu. "Nan ma'aikaciyar jinya ce. Danna."

Ya danna ta farko da ƙarfi har teburin ya girgiza. Ta biyu ya makara. Ta uku fitila ta kama, ta gaji ta mutu, Kyaftin na gyangyaɗi da yatsa a sama.

Manaja ya zo yana roƙo, wai tafiyar gajera ce. Ta ce teku ba ya tambayar tsawon tafiya. Aka nemo wani matuƙin, ango ya isa bayan an cinye shinkafa, amma ya isa. Kyaftin ya yi yaji zuwa gidan yayarsa, har sai da girkin yayar ya koro shi gida.

Ke ce ba sani ba sabo, Bu Hasmia. Kin ɗauki gabar gida don waɗanda ba su ma san sunanki ba su sauka lafiya. Daga ranar, matuƙa suka daina jin kunyar cewa "na gaji", tunda an ga wanda ya fi su ya kwanta.

Da aka tambayi Kyaftin ko zai yi jawabi a walimar sallama, sai ya ce, "Ku kun huta. Ni da ita zan koma gida."

Mun gode, Bu. Wadda za ta gaji kujerarki, da duk wanda aka damƙa wa rayukan mutane, Allah ya ba su irin idonki, ya kuma ba su zuciyar faɗa wa na gida a'a.