Layi Uku a Gangaren Plumstead

Malam Maharazu ba ya kallon mota, sauraronta yake yi. In yana tsaye a bakin titin Lewisham wata ta wuce, sai ya karkata kai ya jira direban ya canza giya, sannan ya ce a hankali, "Bai iya ba." Ba safai yake cewa wani ya iya ba.

Yana da hujjarsa. Shekara goma sha huɗu ya yi yana jan lori tsakanin Jos da Kafanchan, zamanin da damina ke mayar da hanyar kunu. Inda wasu ke kwana uku a taɓo, shi sai ya ja baya, ya taho da gudu, ya take totur, ya ɓulla can gaba. Da ya zo Landan, abin da ya samu ƙaramar motar wani gidan wanki ce, yana kai zannuwan gado otal-otal.

Katung a hannunsa ya sauka. Mutumin Zonkwa ne, a tashar Kafanchan suka saba, kuma wata biyar ya yi a ɗakin Maharazu kafin ya samu nasa. Ya ci gwajin lasisin Turawa a karon farko. Maharazu sai a na uku. Wannan magana ba a yinta a gabansa.

Lokacin nan kuɗin mai ya buɗe a gida, 'yan kwangila suna zuwa Landan kamar masu cin kasuwar mako. Cikinsu akwai Alhaji Nata'ala, wanda ya saya wa iyalinsa gida a Plumstead, ya kuma sayi sabuwar Landiroba, irin wadda tayoyinta huɗu duk suke ja. Direba guda yake nema, na dindindin. Mutum biyu aka ambata masa, Maharazu da Katung, ya ce zai gwada kowa yini ɗaya.

Katung ya yi nasa yinin hanya a bushe. Matar Alhaji ta yaba, ta ce ko shayi mutum ya riƙe ba zai zube ba. Labarin ya iso wa Maharazu ta bakin matarsa Hansai, wadda ta faɗa ba da wata manufa ba. Ranar bai taɓa tuwonsa ba.

Ranar tasa, a farkon shekarar 1979, gari ya waye fari fat. Dusar ƙanƙara ta sauka, ta ɗan narke, ta sake daskarewa. Katung ya tako da ƙafa har ƙofar gidan Alhaji, ya sami Maharazu yana kankare gilashin motar.

"Maigida, yau fa ba taɓo ba ne. Motar nan da taya huɗu take ja, amma tsayawarta irin ta kowace mota ce. A gangara ka sa ƙaramar giya, ka bar birki ya huta."

"Su malamin tuƙi," in ji Maharazu. "Lokacin da nake fitar da lori daga taɓon Kagoro, kai kana tallan rake a tasha."

Katung ya yi dariya ya ce gyaɗa ce, ba rake ba. Ya koma gefe ya zuba hannu a aljihu. Da daga bakin wani shawarar ta fito, wataƙila da an ɗauka.

Alhaji ya shiga gaba. Hawan tudun unguwar, Maharazu ya yi shi yadda ya saba, ya taho da gudu ya take totur. Motocin Turawa na gefen hanya suna ta juya taya wuri guda, Landiroba ta wuce su ɗai-ɗai. Alhaji ya ce lallai tsohon hannu daban ne. Maharazu ya so a ce Katung na cikin motar ya ji da kunnensa.

Da suka kai kan tudu bai rage giya ba, don kada ya zama ya bi maganar wani. A taɓo, in ka ɗaga ƙafa, ƙasa ce ke riƙe maka mota. Nan babu abin da ya riƙe. Ya taka birki, motar ta karkace a hankali, ta ci gaba da sauka kamar ba kowa a cikinta, har ta jingina da katangar gidan wata tsohuwa mai suna Jane. Bulo ya zube. Ba wanda ya ji rauni, fitila ɗaya ce ta fashe.

Alhaji bai yi faɗa ba. Ya ɗauko hularsa daga ƙarƙashin ƙafarsa, ya karkaɗe, ya miƙa hannu. Maharazu ya zare makullin ya ba shi. Katung aka kira ya mayar da motar gida, kuma makullin bai sake barin aljihunsa ba.

Maharazu ya gaya wa tsohuwar shi ya rushe, shi zai gina. Da sanyi ya lafa ya soma zuwa duk Asabar da cokalin gini. Ya yi layi uku, a miƙe tsaf. Yana shirin na huɗu Landiroba ta tsaya a bayansa. Katung ya fito cikin sabon kwat, ya sauke buhun siminti biyu, ya ce Alhaji ne ya aiko, kuma yau ba shi da fita, bari ya kama masa kwaɓi.

Maharazu ya dubi buhunan, ya dubi kwat ɗin. Ya ce zai je ya yi azahar ya dawo. Ya ɗora cokalin a kan bulo na ƙarshe.

Tsohuwar ta jira shi har ƙarshen shekara. Da ta gaji, sai ta dasa fure a bayan layi ukun.