Jan Sitiron Baba Direba

Ko da zan manta da komai na zamana a Gyaɗi-Gyaɗi, ba na jin zan taɓa manta azumin da Baba Direba ya ƙaurace wa tabarmarmu saboda sitiro. E, sitiro dai, ɗan bututun nan da ake zuƙar lemo da shi a yar. Shekaru sun ja, amma har yau ko a gidan biki na gan shi yashe a ƙasa, sai zuciyata ta koma can.

Ni tela ne, kuma a ƙofar shagona ake shimfiɗa tabarmar buɗa-baki ta layinmu. Kowane gida ya fito da abin da Allah ya hore masa, mai ƙosai, mai kunu, mai kankana, a zauna a sha ruwa tare. Babbanmu a tabarmar shi ne Baba Direba, tsohon direban tirela da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a hanyar Legas. Dattijo ne mai tsafta da ji da kai, kullum cikin farar riga, kuma da yake ni nake ɗinka masa, na san yadda yake lallaɓa ta. Idan ya ɗauko labarin hanya, sai ƙosai ya huce a hannunka ba ka sani ba.

Damunar da ta gabaci azumin nan ruwa ya yi mana ta'adi. Kwatar layinmu ta toshe da ledar fiya-wata da robobin lemo da su sitiro, ruwa ya rasa hanya ya afka gidaje. Wanda ya fi kowa ji a jikinsa shi ne maƙwabcina, malamin kimiyya a wata sakandare a Tarauni, da muke kira Malam kawai. Littattafansa da katifar yaransa duk sun tashi aiki. Tun daga ranar ya ɗaura yaƙi da leda. Idan ka yar a gabansa ba zai ce maka uffan ba, sai ya sunkuya ya ɗauka, ya bar ka da kunya. Ni kam ban raga masa ba, na laƙaba masa Sarkin Kwata, suna ya bi shi. Amma a raina na san gaskiya gare shi, don ni ma ranar sai da na ɗora keken ɗinkina a kan tebur.

Malam ne ya kawo shawara a majalisa cewa idan azumi ya zo, babu leda babu robar yarwa a tabarmarmu, kowa ya zo da kofinsa. Wasu suka fara gunaguni. Sai Baba Direba ya ɗaga hannu ya ce, "Maganar Malam ta zauna. Duk wanda ya kawo roba tabarmar nan, ko ni ne, ya tashi." Haka doka ta zauna.

Ba a jima da haka ba Baba ya yanke jiki ya faɗi, hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki. Da aka sallamo shi daga asibiti, hannun dama ba ya motsi, baki ya karkace, magana kuwa sai ka kasa kunne sosai. Idan ya kai kofi baki, rabi sai ya zubo ta gefe. 'Yarsa da ke jinyarsa ta gaya mana cewa a gida da sitiron roba yake sha, irin mai lanƙwasar nan.

Azumi ya kama. Likita ya hana Baba yi, amma ya aiko cewa zai fito tabarma ya zauna cikin mutane. Malam ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya tafi har wani babban kanti a Zoo Road ya sayo sitiro na takarda, kwali guda, musamman don Baba. Ya shigo shagona yana nuna mini. "Ka gani? Baba zai sha kununsa, kuma doka ba ta karye ba."

Na juya abin a hannuna na ce, "Sarkin Kwata, takarda da ruwa kuwa?"

Ya yi dariya ya ce ai don haka aka yi shi, ni dai na tsaya a kan zare da allura. Na ci gaba da ɗinkina. Daga ni har shi ba wanda ya tuna cewa don lemon sanyi aka yi abin, ba don kunun gyaɗa mai tururi ba.

Gab da magariba mutum biyu suka riƙo Baba suka fito da shi, cikin farar rigarsa, tana ta ƙamshin guga. Na hango 'yarsa ta biyo shi har bakin zaure da wani jan sitiro a hannu, ya girgiza mata kai, ta koma. Aka kira salla, aka ci dabino, Malam da kansa ya zuba kunu ya tsoma na takardar ya ajiye a gaban Baba.

Abin ba ya lanƙwasa, don haka sai da Baba ya sunkuyar da wuya da ƙyar. Zuƙar farko ta tafi lafiya, har wani ya ce, "Ma sha Allah, Baba ya dawo!" To amma mai irin ciwonsa a hankali yake sha, sai ya huta. Kafin ya sake kai baki takarda ta jiƙe ta saki. Ya zuƙa, ba komai. Ya ƙara ƙarfi har kumatunsa suka lotsa, bakin abin ya manne masa a leɓe. Can sai kunun ya taho gaba ɗaya ya ƙware shi. Ya turnuƙe da tari, hannunsa mai lafiya ya doki kofin, kunu ya wanke gaban farar rigar nan tun daga wuya.

Wani daga cikinmu, da kyakkyawar niyya, ya ciro hankici ya kai bakin Baba zai goge masa kamar yadda ake yi wa yaro. Wallahi wannan ya fi zubewar kunun ciwo. Baba ya ture hannun, idonsa ya cika da hawaye, ya ce, "Ku... mai da ni." Ban taɓa jin tausayin namiji kamar na ranar ba. Na juya wajen Malam, na ga shi ma abin tausayin ne, yana tsugune da jiƙaƙƙiyar takarda a hannu.

Baba bai sake fitowa ba. Kwanaki suka wuce, ana shimfiɗa tabarma, ana ci ana sha, amma babu armashi. Malam kuwa daga dabino sai ruwa, ya tashi. Da na ga abin zai yi nisa, na ce masa ya zo mu je mu gaida Baba.

A tsakar gida muka tarar da 'yar tana wanke jan sitiron nan. Ta naɗa auduga a tsinken tsintsiya tana zura masa, ta ɗauraye da ruwan ɗumi, ta rataye shi a ƙusa. Malam ya tambaye ta ko da yawa ta saya. Ta ce, "Shi kaɗai ne fa, Malam. Tun asibiti shi ne. Baba ya hana a sayo wani, ya ce ba za a ƙara wa kwata kaya saboda shi ba."

Malam ya daɗe yana kallon ƙusar nan. Muka shiga ɗaki, ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yafe mini. Don Allah ka dawo, ka zo da sitironka."

Baba ya dube shi, ya haɗa kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "Ni na ce... ko ni ne." Ya juyar da fuska bango. Muka fito ba mu ƙara matsa masa ba, don wanda ya san Baba ya san ba zai taka maganarsa ba.

Washegari da yamma muna zaune ana jiran kiran salla, sai ga Malam. A aljihun gaban rigarsa, kusa da biro, ga jan sitiron nan ya leƙo, ashe ya je ya karɓo a wajen 'yar. Ya tsaya a kanmu ya ce, "Jama'a, ni na kawo doka, kuma yau ni na karya ta. Ga roba a aljihuna. Baba ya ce duk wanda ya kawo ya tashi. To na tashi, a ƙofar Baba zan sha ruwa." Ya ɗauki kofinsa ya juya.

Ban san lokacin da na sungumi fulas ɗin kunu na bi shi ba. Mai ƙosai ya ɗauki kwanonsa, mai kankana ya bi baya, na ƙarshe ya naɗe tabarmar ya saɓa a kafaɗa. Muka shimfiɗa ta a bakin zauren Baba. Da 'yar ta gaya masa abin da ke waje, sai ya ce a ɗauko masa farar riga, aka riƙo shi aka fito da shi.

Malam ya lanƙwasa sitiron ya tsoma a kofi, ya ajiye, ya koma gefe yana cin ƙosansa kamar ba abin da ya faru. Mu ma kowa ya mai da hankali kan kwanonsa, amma kunnuwanmu duk suna can. Baba ya sha, ya huta, ya sha, ya huta, babu ko ɗigo a rigarsa. Can sai muka ji ƙarar nan ta ƙasan kofi, ƙurrr, alamar ya shanye tas. Dariya ta ƙwace wa kowa, har da shi, da rabin bakinsa. Ya miƙa wa Malam sitiron ya ce, "Sarkin Kwata... a wanke. Kar a yar."

Har aka ga watan salla Malam ne yake wanke shi da hannunsa kowace yamma. Baba ya rasu kafin wani azumin ya zagayo, Allah ya jiƙansa. Tabarmar ba ta koma ƙofar shagona ba, kuma har na bar unguwar ba a kawo leda kanta.

Abin da na koya shi ne, dokar Malam mai kyau ce, kuma da za a sake zama da ita zan tsaya. Amma kafin ka kafa doka, ko wace iri ce, ka fara duban wanda ya fi kowa rauni a wurin, ka tambaye shi da me yake sha. Mu masu hannu biyu lafiyayyu mu muka cika kwata, shi kuwa da ya fi mu buƙatar robar, guda ɗaya tak ya riƙe har ya koma ga Allah.