Fatar da Ka Yanka Mini, Malam Kalilu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin Laraba, 15 ga watan Yuni, 1977, Allah ya yi wa Malam Kalilu mai gyaran injuna rasuwa a gidansa da ke Daura, bayan jinyar ciwon ƙirji ta sati uku. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Ni Lawal, akawun da ya fi kowa wahalar da shi, ni nake wannan rubutu, kuma ba zan ɓoye ba, baƙin ciki da haushi ne suka haɗu suka tokare mini zuciya.

Malam, duk wanda ya san ka ya san kekenka da jakar fatar nan mai cike da sukudireba. Keken ɗinkin zawarawan unguwarku kai kake duba shi, ba ka jira a kira ka. Na tuna ranar da ka tafi har Kongolam, can bakin iyaka, cikin ruwan sama don ma'aunin wani dattijo mai sayar da hatsi, ka dawo jiƙe sharkaf kana dariya, wai ashe ƙwayar gero ce ta maƙale a ciki.

Amma mu a ofishinmu, inda muke buga wa makarantun ƙauye takardun jarrabawa, da injin gurza takardu muka san ka. Tawadar injin nan a bututu take zuwa daga Turai, irin na man goge baki. Shekarar da jiragen ruwa suka cunkushe a Ikko, wata takwas ba mu ga bututu ko ɗaya ba. Kai ne ka cire mazaunin bututun, ka liƙa ɗan tanki na gwangwani, ka jona siririn tiyo, ka ɗauko famfon risho ka ɗaura. Daga ranar muka koma zuba tawadar gwangwani ta maɗaba'ar Kano, injin yana aiki kamar da haka aka ƙero shi. A cikin famfon akwai wata 'yar fata mai kama da ƙoƙo, faɗinta bai wuce sule ba. Ita ce ke tura tawada, kuma kai kake yanka ta da hannunka.

Sau nawa ka ce in tsuguna in ga yadda ake sa ta? Ni kuwa ga farar riga, ga biro uku a aljihu, ina ganin taɓa tawada ba aikin akawu ba ne. Sai ka yi murmushi ka ce ranka ya daɗe, a matsa kada a ɓata guga.

Da ka kwanta ciwo, sai wayo ya kama ni. Zamani ne da kowa yake raina abin da aka yi da hannu, komai sai sabo fil daga kanti, ni ma ban tsira ba. Na aika Kano aka kawo mini madadin 'yar fatar famfon, ta roba, a cikin leda mai rubutun Turanci, na zare fatarka na jefar. Kwana biyu tawada ta ci robar ta kumbura, injin ya yi aman baƙi a kan takardun jarrabawar makarantu arba'in da ɗaya. Saura mako guda yara su zauna jarrabawar.

Na zo maka ran Litinin, ba don in duba ka ba, Allah ya yafe mini, sai don injin. Ba ka yi mini faɗa ba, da ma ka yi. Ka sa aka jingina ka da bango, ka yanka mini sabuwar fata. Ka fara cewa kafin a sa ta sai an yi wani abu, tari ya sarƙe ka. Maimakon in jira ya lafa, na ce na gane, na ɗauki fata na fita. Ban gane komai ba, Malam. Sauri nake yi.

Ran Laraba ka tafi. Masu wanka sun ce sun yi iya yinsu, tawadar faratanka ta ƙi fita.

Alhamis da Juma'a na yi su tsugune gaban injin. Na sa fatar tana duban tanki, tawada ta ƙi hawa. Na juya ta, ta tsiyayo ta gefe. Riguna biyu na lalata. Har da kai na ji wa haushi, ina cewa mutum ya yi shekara talatin yana aiki bai rubuta ko layi ɗaya ba. Sai na tuna wanda ya kamata ya rubuta ɗin ni ne, mai biro uku.

Ranar sadakar uku na ajiye kunya na nemi magana da iyalinka, Inna Murja, tana cikin takaba. Daga bayan labule ta tambaye ni ko na jiƙa fatar. Na ce da me? Ta ce: "Malam Lawal, ai ni nake jiƙa masa. Man kaɗe mai ɗumi, kwana uku cur, in ta kasa haka ba ta kamawa. Da ka tsaya ran nan, da ni ma na faɗa maka."

Asabar ke nan, jarrabawa kuma Litinin. Kwana uku ba ya zama biyu don akawu yana gaggawa. Na koma kan tafireta na buga wa kowace makaranta kwafi ɗaiɗai, malamai suka kwafa a allo. Wasu sababbin azuzuwan da ke gindin bishiya wajen Baure ko allon ba su da shi, da baki aka karanta musu tambayoyin lissafi. Yaran da suka faɗi a dalilin haka ba su san sunana ba, amma ni na san haƙƙinsu yana wuyana.

Ran Talata na ciro fatar daga mai, ta yi laushi kamar kunnen ɗan akuya. Na sa ta, na juya hannun injin, takarda ta fito tas, ba ɗigo, a ranar da babu sauran abin bugawa.

Allah ya jiƙanka, Malam Kalilu, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Murja da 'ya'yanka Shatu da Hadijatu, da dukan dangi da maƙwabta. Allah ya ba su haƙurin rashinka, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Jiya na tambayi Inna Murja ko ka bar wasu fatun a jaka. Ta sa aka zazzage ta a gabana, babu ko ɗaya. Jiƙawa ta sani, yanka kuwa kai kaɗai ka iya. Ta ce kowace fata wata shida take yi ta lalace.