Kabo, Mutumin da Ya Ƙi Rantsuwa

Ni Ummaru ban yi boko mai nisa ba, allo ma malam ne ya gaji da ni ya mai da ni gona. Amma baki kam Allah ya ba ni, kuma babu wanda ya sha bakin nan kamar maƙwabcina Kabo. Danga ɗaya ta raba gidajenmu a wata 'yar unguwa gefen Sukuntuni, cikin ƙasar Kankiya. Ni Musulmi, shi Kirista. Ranar Juma'a shi ke kore mini awaki daga shanya, ranar Lahadi ni ke kore masa, sai dai ni nakan bari su ɗan taɓa tukuna don in samu abin faɗa.

Iyayen Kabo Maguzawa ne. Yana saurayi ya shiga coci, aka kai shi bakin ruwa aka tsoma shi, ya fito yana rawar sanyi. Ya ce a ranar ya yi wa Almasihu alkawari, duk abin da ya ce a yi zai yi, wanda ya hana ya bar shi har kabari. Ya bar burkutu, wannan kowa ya yaba. Ya kuma bar rantsuwa, wannan kuwa dariya muka yi. A ƙasarmu ko albasa mutum zai sayar sai ya yi wallahi uku. Shi kuwa ya ce Ubangijinsa ya hana, in i ce ya ce i, in a'a ce ya ce a'a, ya rufe baki.

Na sha ɗana masa tarko. In leƙo ta kan danga in ce, "Kabo, kazata ta ɓace, kuma na ji ƙamshin miya gidanka. Rantse ba kai ba ne."

Ya ce, "Ba ni ba ne, Ummaru."

"Ko 'yar ƙarama, ta yara. Ka ce aradu."

"Je ka duba ƙarƙashin rumbunka, sarkin surutu."

Arzikin Kabo duka gona ɗaya ce da ya gada wajen ubansa. Ƙasa mai kyau, gero yana fin mutum tsawo, ga wata tsohuwar ɗorawa a tsakiya. Da kalwar ɗorawar nan matarsa Rabi ke yin daddawa, har daga Kusada mata ke aiko a ajiye musu. Gonar ke ci da su, ita ke ɗinka wa yara kayan Kirsimeti.

Shekarar da filaye suka yi tsada sai ga Nomau, ɗan ƙanin uban Kabo. Cocinsu ɗaya, kuma in ana waƙa muryarsa ake fara ji daga bakin rijiya. Nomau ya je gaban mai unguwa ya ce gonar ta ubansa ce, aro aka ba uban Kabo. Tsofaffin da suka raba gandun da baki suka raba, kuma duk suna ƙasa. Babu shaida ko ɗaya.

Aka tara mu da hantsi ƙofar gidan mai unguwa. Na miƙe na ce tun ina yawo ba wando nake ganin uban Kabo cikin gonar nan. Mai unguwa ya ce, "Zauna, Ummaru. Ganin mutum cikin gona ba ya nuna aro ne ko gado. Kai da ko kuɗin goro aka tambaye ka sai ka ƙara gishiri."

Al'adar kuwa kowa ya san ta. In mai ƙara ba shi da shaida, wanda abu ke hannunsa ake ba rantsuwa. Ya rantse, magana ta mutu. In ya ƙi, a mai da ita kan mai ƙara, shi kuma in ya rantse ya ɗauka. Musulmi da nasa littafin, Bamaguje a ba shi ƙarfe, Kirista a kawo masa littafinsu mai baƙin bango. Fastonsu da kansa ya zo da shi cikin leda.

Mai unguwa ya ce, "Kabo, ɗora hannu ka rantse, mu tashi. Rana na yi."

Kabo ya ce, "Ranka ya daɗe, gonar ubana ce. Ba aro ba ce."

"Na ji. To rantse."

"Na faɗi gaskiya, ranka ya daɗe. Rantsuwa ce ba ni yi."

Fasto ya matso ya rage murya, amma ni kunnena ba ya barin komi ya wuce. Ya ce, "Baba Kabo, nan gaban hukuma ne, kuma kan gaskiyarka ne. Ba laifi a ciki."

Kabo ya ce, "Fasto, ran da aka tsoma ni cikin ruwa ba wanda ya ce mini ban da ƙofar mai unguwa."

Rabi tana can bayan mata, ta kasa haƙuri, ta ɗaga wa Kabo murya. "Uban Ma'u, ka dubi yaran nan! Mi za su ci?" Bai waiwaya ba. Ni ma na ja masa riga na ce, "Kai, tsohon banza, rantse yau ɗaya, gobe ka tuba. Mu haka muke yi, ga mu da ƙiba." Ya cire hannuna a hankali kamar mai cire ƙaya.

Mai unguwa ya san gaskiya, fuskarsa ta nuna. Ya sake tambaya, ya kuma sakewa, har ya ɗan yi faɗa. Daga nan ya juya ga Nomau. Nomau ko tari bai yi ba. Ya ɗora hannu kan littafin, ya rantse da murya irin ta waƙar Lahadi, ya share tafinsa a riga.

Muka zauna jiran abin da zai sami Nomau. Tsofaffin mata suka ce ba zai ga kaka ba. Ni da kaina kullum in hadari ya taso sai in leƙa wajen gidansa. Ina! Gero ya yi masa kyau shekarar nan fiye da kowa. Ya sayi babur, ya yi rufin kwano, aka kuma ba shi kujerar gaba a coci don shi ya kawo buhunan siminti.

Kabo ya koma ƙwadago, yau gonar wannan, gobe ta wancan. Rabi ta ci gaba da daddawa, amma kalwar sai ta saya, wani lokaci ma hannun matar Nomau, daga itacen da ta shekara tana share gindinsa. Ta daɗe ba ta yi wa mijinta magana in ba ta ajiye tuwo ba. Babban ɗansu Ma'u ya tattara ya tafi Katsina tura baro. Ya ce ba ya sake taka cocin da maƙaryaci ke gaba, mai gaskiya na baya. Wannan ita ta fi ci wa Kabo rai, fiye da gonar. Duk da haka kowace Lahadi zai wanke 'yar rigarsa ya tafi, ya zauna bayan ƙeyar Nomau, su sha abin shan ibadarsu daga ƙoƙo ɗaya.

Na ce masa, "Wai Kabo, Ubangijin nan naka da ka yi wa wannan biyayya, mi ya biya ka?"

Ya ce, "Ba ciniki muka yi ba, Ummaru. Alkawari na yi."

Bana Nomau ya sayar da gonar ga wani ɗan kasuwa, shi kuma ya sayar da ɗorawar ga masu gawayi. Ranar da suka zo da injin yanka, ƙararsa har cikin gidajenmu. Rabi ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Na sami Kabo bakin danga yana gyaran ƙotar fartanya wadda ba abin da ya same ta. Ya tsufa, wuyan nan duk jijiya. Muna zaune muka ji faɗuwar ɗorawar, ƙasa ta amsa.

Can na ce, "Da za a mai da kai ƙofar mai unguwa yau, ga littafi, ga ɗorawa tsaye, za ka ɗora hannu?"

Ya kalli wajen da itacen yake a da. Ya ce, "A'a."

Na ce, "Rantse."

Ya yi 'yar dariya. Ya goge ido da bakin riga, ya saɓa fartanyarsa, don yana da ƙwadago a gonar wani kafin rana ta yi zafi.